Saƙo Ya Iso, Babu Mai Karɓa

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ga wata aya daga cikin mahaifar ɓera, dabbar da muke ɗana wa tarko a rumbu.

Goyon cikin ɓera kwana 19 ne zuwa 21. A kwanakin farko ɗan tayin ba shi da jijiyar jini ko ɗaya. Saboda ƙanƙantarsa, abinci da iskar oksijin kan ratsa shi kai tsaye, kamar yadda ruwa ke jiƙa tsumma. Wajen kwana bakwai da rabi sai curin ƙwayoyin da za su zama jini su bayyana a jakar gwaiduwar da ta lulluɓe shi, wajen kwana takwas da rabi kuma zuciya na bugawa.

Umarnin gina jijiyoyin yana zuwa ta wani furotin mai suna VEGF. Shi wannan ɗan aike ba ya shiga cikin ƙwayar halitta, a bakin ƙofa yake sallama. Mai amsa masa wani makarɓi ne da ke dashe a fatar ƙwayar, ana kiransa Flk1. Gaɓoɓinsa bakwai suna waje, gindinsa yana ciki. Da VEGF ya iso sai ya kamo makarɓa biyu ya haɗa su, gindinsu ya liƙa wa juna sinadarin fosfet. Da wannan ne ƙwayar za ta hayayyafa, ta yi tafiya, ta jeru da 'yan'uwanta su zama bututu.

A 1995, masana a ɗakin binciken Janet Rossant da ke Toronto a Kanada suka lalata ƙwayar gadon Flk1 a jikin ɓeraye, wato umarnin da ake gada daga iyaye wanda jiki ke bi ya ƙera wannan makarɓin. Ɓeran da ya rasa kwafi ɗaya cikin biyun da ake gada lafiyarsa ƙalau. Da aka haɗa irinsu mace da namiji, kusan ɗaya cikin huɗu na 'yan tayin suka rasa kwafin duka biyu. Waɗannan babu curin jini, babu jijiya. Tsakanin kwana takwas da rabi zuwa tara da rabi suka mutu, daidai lokacin da jiki ya wuce girman da jiƙon tsumma zai ciyar.

Ku lura, 'yan'uwa, ba a taɓa VEGF ba. Saƙon yana nan, ƙofar ce babu. Mu ma wa'azi bai yi mana ƙaranci ba: huɗuba duk Juma'a, tafsiri duk azumi, karatuttuka fal a waya, muna turawa ko saurare ba mu gama ba. Allah Ya ba da labarin masu kunnuwan da ba sa ji da su a Suratul A'araf, aya ta 179. Kafin ka tura nasiha ta gaba, ɗan'uwa, tsaya ka ga ko ta jiya ta taɓa mudunka, ko bashin da kake ta ja wa mai shi rai.

Akwai kuma makarɓi na biyu, Flt1, wanda ya fi Flk1 riƙe VEGF amma da ƙyar yake isar da saƙon. Mai gaggawa zai ce ba shi da amfani. Ashe aikinsa tare rarar saƙon ne, kada ta yi ambaliya. Da aka lalata shi, shi ma a 1995, ƙwayoyin jijiya suka yi yawa fiye da kima, suka cunkushe ba tsari, bututun kirki bai samu ba. 'Yan tayin suka mutu kusan a kwanakin da na farkon suka mutu.