Wai Ba Shi Da Haƙuri

Tun jiya nake cike da haushin maganar da aka yi ta yi a teburin mai shayi kan yaron nan da ya ajiye gadi a unguwar Lekki ta Legas. Wai raggo ne, wai ba shi da haƙuri, wai yaran yanzu ba sa son wahala. To sannunku manyan masu haƙuri, Allah ya ƙara muku!

Gadi aka ɗauke shi. Gadi fa. Kafin wata uku shi ne wankin mota uku da asuba, shi ne tada janareta duk sanda aka ɗauke wuta, shi ne ban ruwan fulawa, shi ne abincin kare, madam ta aike shi kasuwa ya dawo, oga kuma ya danna hon ƙarfe biyun dare a zo a buɗe get. Abokin aikinsa ya tafi gida tun azumi ba a kawo wani ba. Albashi dubu 50, a jihar da tun 2024 gwamnati ta sa mafi ƙarancin albashin ma'aikatanta dubu 85. Aikin mutum uku aka jibga wa mutum ɗaya, ku kuna can kuna binciken halinsa.

Na san za ku ce ai dattijon da ya riga shi shekara bakwai ya yi bai ce uffan ba. Naji. Shi mutum ne mai son shiru, ba shi rediyo da tabarma ya wuni. Wannan kuwa ɗan hayaniya ne, a kasuwar Mile 12 na san shi yana sauke buhun albasa daga tirela, gumi har ƙafa, amma yana dariya yana tsokanar mutane, don ya san mota na ƙarewa aiki ya ƙare, kuɗinsa a hannu. Wanda ya ɗauki buhu a ka shi ne raggo? Kuma shirun dattijon ba jin daɗi ba ne, jakin da ba ya harbi shi ake ƙara wa kaya.

Wallahi ranar da ya iso Agege da 'yar jakarsa idonsa jajir, muna cikin gaisawa yake gyangyaɗi. Tausayi ya ba ni.

Kai kuma mai shayi da ka fi kowa zaƙewa jiya, yaushe ka koma zuba mana rabin madara a kuɗin cikakke? Ina lura fa tun satin da ya wuce.