Na canza wa alƙalamina baki, ban kuma ɓata shi ba

Wani aboki ya ga na cire bakin alƙalamina na tawada na sa masa na wani kamfani, sai ya ce na mayar da shi barbarar yanyawa. Maganar ta tsaya mini a rai, shi ya sa nake wannan rubutu.

Duk wanda ya yi karatun allo ya san gaba ɗaya alƙalami a bakinsa yake. Malam zai ɗauki kara ya fiƙe, ya tsaga, ya gwada, in bai yi masa ba ya sake fiƙewa har ya dace da hannunsa. Babu wanda ya taɓa kiran wannan cin amanar kara. To don me na ƙarfe zai zama abin da ba a taɓawa?

Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, kamfanoni masu yawa ba su ke ƙera bakin alƙalumansu ba. Saye suke yi a Jamus, wajen JoWo da ke Balin ko Bock da ke Heidelberg, su buga tambarinsu a kai. Shi ya sa girman da ake kira lamba 6 ya zama ruwan dare, har alƙalamin Jinhao X750 na ƙasar Sin ma shi yake ɗauka. Nawa ya zo da baki mai kauri, ni kuwa rubutuna ƙanana ne, sai haruffa su riƙa cushewa. Na naɗe bakin da ɗan kyallen roba, na kama shi tare da baƙar magudanar tawadar da ke ƙarƙashinsa, na ja a hankali suka fito tare. Da na sa siriri, layin farko da na ja a takarda ya tafi sumul, ko ƙara babu.

Amma lamba 6 ɗin nan kada ta ruɗe ku. Lanƙwasar bakin JoWo da ta Bock ba ɗaya ba ce, zaren murɗawa na gidajen da suke zama a ciki ma ya bambanta, na wannan ba ya ɗauruwa a mazaunin wancan. In bakin bai kwanta lif a kan magudanar ba, ko dai tawada ta ƙi zuwa, ko ta ɗiga ta ɓata maka aljihun riga. Ni ina saka gefen takarda tsakaninsu: in ta shige ba wuya, zaman bai yi ba. Kuma don Allah kada a tura da ƙarfi. Na taɓa tsaga wuyan wani alƙalami da nake ƙauna saboda gaggawa, har yau ina jin zafinsa. Alƙalamin Lamy Safari kuwa bakinsa zamewa yake yi a kan magudana, don haka lamba 6 ba ta shiga.

Masu son rubutu mai kauri da siranta suna cusa bakin Zebra G na Japan. Yana ba da sha'awa ƙwarai, sai dai an yi shi ne don tsomawa a tawada, in ya daɗe a jiƙe tsatsa yake yi. Tawadar allo ma kada ta kusanci irin wannan alƙalami, ƙaron da ke cikinta zai toshe magudanar.

Abokin nawa na miƙa masa alƙalamin ya rubuta sunansa. Ya rubuta sau uku, sannan ya tambaye ni ko nasa ma zai ɗauki irin bakin.