Bututun dalma: a tono shi gaba ɗaya, kuma kada a ɗora wa mai gida kuɗin

Ruwan da dalma ta shiga ba ya sauya launi, ba ya wari, ba ya ɗaci. Uwa za ta tara a kofi, ta ga garau yake, ta dama wa jaririnta madara da shi. Shi ya sa nake ganin duk hukumar da ta san akwai bututun dalma binne a titunanta, ta kuma bar wa magidanta ɗawainiyar ganowa da kansu, ta ci amanar jama'a.

Galibi ruwa yana barin matatar ruwa ba tare da dalma ba. A hanya yake kwasowa: a ɗan bututun da ya taso daga babban bututun titi ya shiga gida, ko a dalmar da aka liƙe mahaɗar bututai da ita, ko a tsofaffin kawunan famfo. In ya kwana a ciki, sai ya riƙa cin jikin bututun kaɗan-kaɗan. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa iyakar maikrogiram 10 a kowace lita, amma ita da kanta ta ce babu adadin dalma a jini da aka san ba ya cutarwa. Jikin ƙaramin yaro yana tsotsar dalma ninki huɗu zuwa biyar na babba, kuma ɓarnar da take yi wa ƙwaƙwalwarsa ba ta warkewa.

Abin da ya faru a Flint, jihar Mishigan ta Amurka, ya isa darasi. A watan Afrilun 2014, don rage kashe kuɗi, aka daina kawo wa garin ruwa daga birnin Ditroit, aka koma ɗiba daga kogin Flint, ba a kuwa zuba sinadarin da ke hana ruwa cin bututu ba. Ɓawon da ya daɗe yana lulluɓe cikin bututan ya kwaɓe, dalma ta kwaranyo cikin gidaje. Mutane sun yi ta kuka, jami'ai na cewa ruwan lafiya lau. Sai a Satumbar 2015 wata likitar yara, Mona Hanna-Attisha, ta fito da sakamakon gwajin jinin yaran garin, sannan aka koma tsohon ruwan a watan Oktoba. Shekara ɗaya da rabi ke nan yara suna sha. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne, bututan ba sababbi ba ne. Sun daɗe a wurin, kuskure ɗaya a matata kawai suke jira.

Amurka ta haramta sa sabon bututun dalma tun 1986, Birtaniya tun kafin nan, amma haramci bai tono wanda ke ƙasa ba. A nan gardamar take. A wurare da yawa rabin bututun na hukumar ruwa ne, rabin da ya ƙetare iyakar gida na mai gida ne. Sai hukuma ta sauya nata, ta ce ta sauke nauyi. Wannan aikin baban giwa ne, har ma yana iya ƙara ɓarna na wani lokaci, domin yanka da girgiza suna kakkaɓo ɓarɓashin dalma daga guntun da aka bari. Wa kuma ake bar wa guntun? Talakan da ba shi da kuɗin tono, da ɗan hayar da ba shi da ikon taɓa gidan wani.

Za a ce aikin yana da tsada. Gaskiya ne; a 2021 Amurka ta ware dala biliyan 15 dominsa, ba kuma wanda ya ce sun isa. Amma birnin Newark na Amurka ya sauya bututai kimanin 23,000 cikin shekara uku, bai karɓi ko kwabo daga masu gidaje ba, ya kuma yi dokar da ta ba ma'aikata damar yin aikin ko da mai gidan haya bai bayyana ba. Da aka ɗauke kuɗin daga wuyan mutane, sai aiki ya yi gudu.

Kafin masu tono su iso, akwai abin da iyali za su iya. A kankare bututun da ya shigo gida da gefen kwabo: in ya yi laushi, ya yi ƙyalli kamar azurfa, maganaɗisu kuma bai kama shi ba, to a ɗauka dalma ce. A bar famfo ya zuba na wasu mintuna in ruwa ya kwana, a riƙa sha da girki da na famfon sanyi kaɗai, a nemi matacin da aka tabbatar yana cire dalma. Kada kowa ya dogara da tafasawa: tana kashe ƙwayoyin cuta, amma ruwa ne ke tafiya da tururi, dalmar tana nan a tukunya. Gidan da ke da mai juna biyu ko jariri kuwa, shi ya kamata hukuma ta fara gwada ruwansa kyauta, ta kuma fara tono daga ƙofarsa.