Ba rashin aikin yi ba ne

Wani labari da na karanta ya ce magidanta a Amurka suna kashe maƙudan kuɗi wajen tara 'yan tsanar jarumai irin su Batman da Spider-Man, na kuma ga wasu suna cewa rashin aikin yi ne. Ni dai ban yarda ba.

Ku yi lissafin shekaru mana. Kamfanin Hasbro ya fito da 'yar tsanar soja mai suna G.I. Joe a 1964, kamfanin Mego kuma ya fara sayar da su Superman da Batman a 1972. Yaron da ke leƙen su ta gilashin kanti a lokacin, babansa ba halin saya, yau ya doshi sittin ko ya wuce, aljihunsa ya yi nauyi. Abin da ya gagare shi yana ƙarami yake fanshewa.

Wani abokin aikina ya ajiye Black Panther a teburinsa tun rasuwar Chadwick Boseman, ɗan wasan da ya fito a matsayinsa a fim, a 2020. Fentin hannun Black Panther ɗin har ya koɗe, don ɗan abokin nawa na wasa da shi in ya biyo shi ofis. Ya ce shi ne baƙin jarumi na farko da yaron ya gani a fim har ya ce irinsa yake so ya zama. Ka ce wa wannan mutumin ya daina yarinta?

Waɗanda ba na goyon baya su ne masu saye don riba. Su bar kaya a kwali ba a ɓare ba, suna jiran farashi ya tashi su kai kasuwar intanet ta eBay, yaran gida kuwa ko taɓawa aka yi sai faɗa.