Na yi wa Kawu manhajar tura alat, amma akwai saƙon da na ƙi bari ta taɓa

Kawuna yana da shagon atamfa a Kantin Kwari. Da layinsa aka buɗe asusun shagon, don haka duk wanda ya yi taransifa, a wayarsa alat yake shiga. Idan ya tafi masallaci ko ya yi tafiya sarin kaya, ciniki ya tsaya cak. Da idona na ga wata Hajiya ta biya kuɗin turmi uku, ta zauna a benci kusan awa guda tana fifita da gefen mayafi, yaran shago suna ta kiran Kawu wayar ba ta shiga. Ran nan na ce zan rubuta manhajar da za ta karɓi saƙon banki ta miƙa shi ga babban yaron shagon.

Aikin bai da yawa a ido: saƙo ya shigo, a duba wanda ya aiko, in banki ne kuma kuɗi suka shiga, a tura. Da na zauna yi sai na ga wuyar. iPhone ba ta barin manhajar wani ta karanta saƙonninka ta tura, sai Android. Ita ma tun farkon 2019 Google ya taƙaita izinin karanta saƙo a Play Store, sai manhajar da ita ce babbar mai kula da saƙonnin wayar, da wasu 'yan kaɗan da aka keɓe. Dole da hannu na ɗora wa Kawu tawa. Ga kuma tsarin tattalin batir, wanda ke sa manhaja barci da zarar an ajiye waya a aljihu. Wannan kaɗai ya ci min sati biyu.

Akwai abin da ya sosa min rai. Na sa kowane saƙo ya fara da "Kuɗi sun shiga", sai na ga kati yana ƙarewa da wuri. Ashe saƙo ɗaya haruffa 160 yake ɗauka muddin duk haruffan suna cikin jerin GSM, wato jerin haruffan da aka tsara wa saƙon tes na waya, kuma ɗ, ƙ da ɓ ba sa ciki. Ko alamar naira ba ta ciki, alhali akwai ta dala da ta fam. Harafi ɗaya mai lanƙwasa ya isa ya mayar da saƙon gaba ɗaya tsarin da 70 kawai yake ɗauka, sai ya rabu biyu ko uku, kowane da kuɗinsa. Tun 1992 ake aika irin wannan saƙo, har yau mai rubuta Hausa daidai shi ke biyan ƙari. Na koma "Alat ya shigo", ba don raina ya so ba.

Bayan wata guda Kawu ya kira ni. Ya ce, "Ɗana, abin nan naka ya yi. Ka ƙara masa lambar nan da banki ke turowa in za a fitar da kuɗi, don yaron nan ya riƙa biyan 'yan sari in ba na nan."

Na ce, "Kawu, ka yi haƙuri, wannan ba zan yi ba."

Ransa ya ɓaci, ya ce yaron shekara tara yana tare da shi, ko allura bai taɓa ɗauka ba. Gaskiya ne, ni ma shaida ne. Amma wannan lambar, wadda ake kira OTP, ita ce makullin asusu. Wayar yaron tana kwana a caji a wurin mai caji, ƙannensa suna wasa da ita, ana iya fizge ta a cikin adaidaita sahu. Na sa manhajar ta tsallake duk saƙon da ke ɗauke da irin wannan lamba, ta kuma goge layin da ke nuna ragowar kuɗin asusu kafin ta tura.

Ku 'yan'uwana masu koyon rubuta manhaja, da ku nake. Abin da na rubuta wa Kawu, shi ne dai 'yan damfara ke rubutawa. Su sai su lulluɓe shi da sunan tallafi ko rance, su watsa a WhatsApp, bawan Allah ya ɗora, ya danna amincewa, lambobinsa su riƙa tafiya hannun wani yana barci. Ni kaina wani ya same ni ya ce in yi masa irinta amma in ɓoye tambarinta, zai sa a wayar matarsa. Na ce masa ba na irin wannan aiki ko nawa zai biya. Manhajar da ke tura saƙon mutum dole mai wayar ya san tana nan, ya ga sanarwa duk lokacin da ta tura, ya iya kashe ta da dannawa ɗaya. Wanda ya cire waɗannan don a ba shi dubu hamsin ya ci amana, ko da bai taɓa kobon kowa ba.

Saura matsala ɗaya da har yanzu take hana ni sakewa: alat na bogi. Ana iya ƙirƙirar sunan mai aikowa ya yi kama da na banki, manhajata kuma za ta tura shi kamar na gaske. Don haka na gaya wa yaran, in kuɗin sun haura dubu ɗari biyu, kada kaya su bar kanta sai Kawu ya buɗe manhajar bankinsa ya gani da idonsa.