IReV hoto ne, jama'a, ba akwati ba ne

To, kun dai ji shi da kunnuwanku. Mutum yana neman kujera, ya baje a gidan rediyo yana cewa wai shi ba zai ɓarnatar da kuɗi wajen ɗaukar ejan, wato wakilinsa, a kowace rumfar zaɓe ba, tunda yanzu "komai a intanet yake", na'urar BVAS za ta tantance masu zaɓe, IReV, shafin hukumar zaɓe INEC na duba sakamako, za ta nuna wa duniya. Yaransa na Facebook kuma sai tafi suke, wannan ya ce ɗan boko, wancan ya ce mai hangen nesa. Madalla, Allah ya ƙara basira. Sai mun haɗu a harabar kotu, kuna kuka kuna ɗaga wayoyi sama kuna nuna wa alƙali abin da bai tambaye ku ba.

IReV hoto ne. Ba ya ƙirga ƙuri'a, ba ya tara lissafi, ba ya bayyana wanda ya ci. Malamin zaɓe ne yake cike takardar sakamakon rumfa, EC8A, da biro, ya ɗauke ta hoto da kyamarar BVAS, ya tura, kai kuma ka buɗe shafin ka kalla. Iyakarsa ke nan. In an rubuta gaskiya a takardar, ka ga hoton gaskiya. In an rubuta ƙarya, ka ga hoton ƙarya tangaran, da hatimi da sa hannu. Kyamara ba ta san yawan mutanen da suka tsaya a layi cikin rana ba.

Mun manta Kogi ne? Nuwamba 2023, ana tsaka da zaɓen gwamna aka ga takardun sakamako an riga an cike su tun kafin a gama jefa ƙuri'a, har INEC ta dakatar da zaɓe a mazaɓu tara na ƙaramar hukumar Ogori/Magongo. Wa ya bankaɗo? Mutanen da ke tsaye a wurin, masu sa ido da suka ce a nuna musu takarda kafin a fara. Da ba su nan, da waɗannan takardu sun hau IReV lafiya lau, kuma da kun raba su a WhatsApp kuna cewa fasaha ta yi aiki.

Bari mu bi aikin daki-daki, don na lura da yawan masu ihu ba su taɓa tsayawa a rumfa har aka tashi ba.

Da safe, kafin a tantance kowa, ejan ya kamata ya ga fuskar BVAS tana nuna sifili a adadin waɗanda aka tantance. Ya ga akwati babu komai a ciki. Ya ga takardar EC8A fara fat, ya rubuta lambarta a littafinsa. Sai a fara: na'ura ta karanta katin, ta gwada yatsa, in yatsa ya ƙi ta gwada fuska. In duka biyun suka ƙi, mutum ba zai yi zaɓe ba, zamanin cike takardar uzuri da aka yi lokacin tsohuwar na'urar kadrida ya wuce. Wannan ɓangare ba ya buƙatar sabis, bayanan masu rajistar rumfar suna cikin na'urar. Sabis sai an zo tura hoto. Kowace takardar ƙuri'a kuma, kafin a miƙa wa mai zaɓe, sai malamin zaɓe ya buga hatimi a bayanta, ya sa hannu, ya rubuta kwanan wata. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

An gama, a juye akwati, a ware, a ƙirga da ƙarfi kowa yana ji. A rubuta a EC8A da lambobi da kuma kalmomi. A nan ne ejan yake cin kuɗinsa ko ya ci amanar ubangidansa. Ya duba adadin da BVAS ta tantance, ya duba abin da aka rubuta a takarda, su zo ɗaya. Ya haɗa ƙuri'u masu kyau da lalatattu, kada su haura waɗanda aka tantance ko da ɗaya ne, domin tun daga Dokar Zaɓe ta 2022 aringizo ana auna shi ne da yawan waɗanda aka tantance, ba da yawan masu rajista ba kamar da. Ƙuri'a ɗaya ta haura, rumfar ta tafi. Wato in rumfa taka ce, kana da 400 abokin hamayya yana da 30, ba sai ya sace akwati ba. Ya samu a cusa ƴan takardu kaɗan, a soke rumfar gaba ɗaya, ka yi asarar tazarar 370. IReV zai hana wannan? Da wane hannu?

Sannan a sa hannu, a buga hatimi, ejan ya sa nasa, a ba shi kwafinsa, a ba jami'in tsaro nasa, a manna takardar sanar da sakamako ta EC60E a bango kowa ya gani, sai a ɗauki hoto a tura. Sai kuma a ɗauki ainihin takardar da na'urar a nufi cibiyar tattara sakamako ta mazaɓa.

To a nan gizo yake saƙa. Rumfuna 176,846 ne a ƙasar nan, mazaɓu 8,809, ƙananan hukumomi 774. Sakamakon rumfa ana kwafe shi da hannu zuwa EC8B a mazaɓa, daga nan EC8C a ƙaramar hukuma, EC8D a jiha, kafin a kai ga EC8E da ake bayyana wanda ya ci da ita. Kowane mataki mutum ne da biro da kalkuleta, yawanci cikin dare, a ajin firamare, da hasken fitilar waya. A nan 17 take zama 117, a nan 205 take komawa 25. Doka ta ce jami'in tattarawa ya gwada abin da aka kawo masa da bayanan na'ura kafin ya karɓa. Daidai ne. In bai gwada ba fa, wa zai tashi ya ce ranka ya daɗe a dakata? Shafin intanet? Wanda zai tashi shi ne ejan da ke riƙe da kwafin EC8A na kowace rumfa a mazaɓar, a jere, a cikin leda saboda ruwa da gumi. Kanawa ba sa buƙatar a ba su labarin abin da ke faruwa a wurin tattarawa, sun ga abin da ya faru da sakamakon mazaɓar Gama a zaɓen gwamna na 2019.

Na san abin da za a ce. "Ai da INEC ta ɗora sakamakon shugaban ƙasa a kan lokaci a 2023 da ba haka ba." Eh, INEC ta yi abin kunya, ba mai wanke ta. Ta yi alkawari da bakinta, ranar 25 ga Fabrairu sakamakon ƴan majalisa yana hawa, na shugaban ƙasa ya ƙi, har dare ya yi. Daga baya ta ce matsalar tsari ce, wai manhajar tana jera sakamako jiha-jiha, shi kuwa zaɓen shugaban ƙasa ƙasar ce gaba ɗaya mazaɓarsa, sai ta rasa inda za ta ajiye shi. Ka yarda ko kada ka yarda, ruwanka. Ni abin da ya dame ni, me Kotun Ƙoli ta ce ranar 26 ga Oktoba 2023? Ta ce IReV ba wurin tattara sakamako ba ne, rashin ɗorawa a kansa bai isa ya rusa zaɓe ba. An faɗa muku da Turanci, an fassara muku da Hausa a BBC da Freedom, amma har yau kuna nan kuna gina gida a kan hoto. Ɓangaren Peter Obi ya kai kukan cewa sakamakon rumfuna 18,088 da aka ɗora dishi-dishi ne, ba a iya karantawa. To in hoto ya yi dishi-dishi, ina za a koma? Takarda. Wa ke riƙe da takardar? Ejan ɗin da ubangidanku ya ce ɓarnar kuɗi ne.

Wani zai ce to a gyara doka, a wajabta turawa nan take. A gyara mana, ina goyon baya, gobe ma. Amma ko an rubuta shi da ruwan zinare, abin da za a tura dai hoton takardar da mutum ya cike ne. Kuma rumfar da ke bayan dutse inda sai an hau bishiya ake samun sanda ɗaya ta sabis, malamin zaɓe zai tafi da na'urar ne ya tura a hanya. Tsakanin rumfa da inda sabis ya kama, wa ke tare da shi?

Ku duba Osun. Kotun sauraron ƙararrakin zaɓe ta tsige Gwamna Adeleke a Janairu 2023 bisa aringizo a rumfuna 744, da rahoton da aka ciro daga rumbun bayanan INEC. Kotun Ƙoli a watan Mayu ta ce a'a, abin da ke rumbun bayanai ba shi ne asali ba, domin sai abin da na'ura ta samu ta tura yake nunawa. Mai son tabbatar da aringizo ya kawo bayanan ita kanta BVAS, da rajistar masu zaɓe, da EC8A. Abu uku, kuma babu hoton waya a cikinsu. Ƙari a kan haka, na'urorin nan ana sake saita su kafin zaɓe na gaba, shi ya sa ma aka ɗage zaɓen gwamnoni daga 11 zuwa 18 ga Maris 2023. Ejan da ya rubuta adadin tantancewa a littafinsa tun a rumfa, ya ɗauki hoton fuskar na'urar, ya fi lauya goma da za su zo neman bayani bayan wata biyu. Kwana 21 kacal kake da su ka shigar da ƙara. Ba a cikinsu za ka fara yawon neman wanda ya tsaya a rumfa kaza ba.

Yanzu mu dawo kan hatimin nan. Kano, 2023: Abba Kabir Yusuf 1,019,602, Nasiru Gawuna 890,705. BVAS ta yi aiki, an ɗora a IReV, duniya ta gani. Watan Satumba kotu ta zare ƙuri'u 165,663 daga na Abba ta ce takardun ba hatimi, ba sa hannu, ba kwanan wata. Kujerar gwamna ta yi ta lilo har sai 12 ga Janairu 2024 da Kotun Ƙoli ta mayar da ƙuri'un. Ba ina maganar wa ke da gaskiya ba, kowa ya riƙe jam'iyyarsa. Ina nuna muku ne cewa wata huɗu jiha guda ba ta yi barci ba saboda tawada a bayan takarda, abin da babu na'urar da ke dubawa, sai idon mutum da ke tsaye kusa da tebur yana cewa malam, juya ta mu gani.

Tsakani da Allah, ba raina fasahar nake ba. Wanda ya san zaɓen 2007, lokacin da ake bayyana sakamakon wuraren da ko akwati ba a kai ba, ya san an yi nisa. BVAS ta karya kasuwar masu tara katunan mutane a buhu suna dangwale wa. IReV ya ba ɗan jarida da ɗalibi da mai shayi damar su buɗe rumfar ƙofar gidansu su gwada da abin da suka ji an ƙirga. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, kuma duk mai son a koma baya ba ya nufin talaka da alheri. Abin da ke ƙona min rai shi ne yadda muka mai da shi dalilin lalaci. Iyayenmu da ba su da waya sun ce a kasa, a tsare, a raka. Mu da muke da waya mun tsaya a "a kasa", mun koma gida mun kwanta muna latsawa muna jiran shafi ya buɗe.

Ejan na gari ba tsada gare shi ba in aka gwada da kuɗin fosta. Ya kasance mai rajista a rumfar, wanda ya san fuskokin unguwa. Ya iya karatu da haɗa lissafi. A tura sunansa ga INEC a kan lokaci ya samu katin wuya, don ba a sauraron wanda ba shi da shi. A ba shi biro biyu, littafi, tocila, fawabank, kati a waya, abinci da ruwa, domin ejan mai jin yunwa na wanda ya fara miƙo masa leda ne. A biya shi rabi da safe, rabi sai ya kawo kwafin EC8A mai hatimi. Ba hoto ba, kwafin. Kuma ya duba kwafin kafin ya bar wurin, don na ƙasa-ƙasa sau da yawa rubutun ba ya fita sosai, sai an kai gaban alƙali a tarar da farar takarda.

Ku kuma masu shafukan "labarai da ɗumi-ɗuminsu", da ku nake. Rumfa uku ta ƙofar gidan ɗan takara ba "sakamako ya fara fitowa" ba ne. Kuna ɗora su da jan rubutu da ƙarfe uku na rana, magoya baya su fara kilisa da babura, ejan ya ga an ci, ya bar layin tattarawa ya bi biki. Gari ya waye lissafi ya juya, sai a ce an yi maguɗi, a fito da taya a ƙona. Wani lokaci an yi maguɗin, wani lokaci ku ne kuka sayar wa mutane kaso ɗaya cikin dubu a matsayin duka. Ko lambar rumfar ba kwa sawa, balle mutum ya je ya gwada.