Uwar da ba ta da iko da ɗanta: abin da labaran bauta suka gani

A watan Janairun 1856, wata baiwa mai suna Margaret Garner ta gudu daga jihar Kentucky ta Amurka da mijinta da 'ya'yanta huɗu. Sanyi ya daskarar da kogin Ohio, suka taka ƙanƙara suka tsallaka zuwa birnin Cincinnati da ke jihar Ohio, inda aka haramta bauta. Da masu farautar bayi suka kewaye gidan da suka ɓuya, ta ɗauki wuƙa ta yanka 'yarta mai shekara biyu. Kotu ta zauna, amma abin da ta yanke hukunci a kai shi ne mallaka: aka miƙa Margaret ga ubangidanta a matsayin dukiyarsa da ta tsere.

Daga wannan al'amari marubuciyar Amurka Toni Morrison ta gina littafinta Beloved na 1987. Na karanta shi sau biyu, kuma wurin da ya fi tsaya mini a rai ya zo ne kafin kisan jaririyar da ke cikin littafin. Sethe, uwar da ke cikin labarin, tana shayarwa kuma tana da tsohon ciki, sai samarin gidan ubangidanta suka danne ta suka tsotse mata nono. Bayan haka aka zane ta da bulala har bayanta ya tsattsage. Amma shekaru da yawa bayan nan, idan tana ba da labari, nonon take ta maimaitawa, domin na jaririyarta ne. Duk macen da ta taɓa jin nononta ya ciko yayin da jaririnta ke nesa ta san abin da aka taɓa a wurin.

Bauta a Amurka ta kafu ne a kan cikin mace. Tun 1662 dokar Virginia ta ce ɗa yana bin matsayin uwarsa, ko da ubangidan ne ya haife shi. Bayan an hana shigo da bayi daga Afirka a 1808, haihuwar baiwa ta zama babbar hanyar ƙara garke. Shi ya sa nake ganin marubucin da ya zana uwa baiwa a matsayin waliyyiya mai haƙuri kawai ya yi mata rowar gaskiya. A littafin Morrison, surukar Sethe ta haifi 'ya'ya takwas, ɗaya kacal aka bar mata ya girma a gabanta, har ta koyi kada ta riƙa ƙura wa jariri ido. Mahaifiyar Sethe kuwa ta yar da jariran da Turawa suka yi mata cikinsu da ƙarfi. Waɗannan ma iyaye ne, kuma littafin bai wanke su ba, bai kuma tsine musu ba. Kisan rai babban zunubi ne, ba na musun haka. Sai dai mai hukunta Sethe ya fara tambayar wanda ya sa kabari ya fi gonar bayi sauƙi a idon uwa.

Mu ma muna da namu. Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda aka rubuta tun shekarun 1930, yawancinmu mun karanta shi a makaranta a matsayin labarin yaron da aka sace, ya tsallaka Sahara, ya zama babban malami. Malaminmu na Hausa ya daɗe yana yabon haƙurin Umar da iliminsa, uwar kuwa a layi biyu ya wuce ta. Alhali ita ce 'ya mai 'yanci da ta bar gida tana cigiyar ɗanta, aka yaudare ta, ta faɗa bauta, aka kai ta Arewacin Afirka, ta wahala har ta lalace. Da ta sadu da shi a ƙarshe, kwanakinta sun kusa ƙarewa. Ɗan ya faɗa hannun mai kirki, ya fita da daraja. Ita ta biya kuɗin labarin da jikinta.

Na san za a ce tsarinmu ya bambanta, tunda ɗan ƙwarƙwara daga ubangidanta ɗa ne mai gado, har sarakuna sun fito ta wannan hanya. Gaskiya ne. Amma 'ya'yan bayin rinji, wato ƙauyen bayi manoma, cucanawa ne, waɗanda aka haifa cikin bauta, kuma matar da aka kamo a hari ta baro wani yaro yana kuka a ƙauyen da aka ƙone. Har yau akwai gidajen da ake rage murya idan an zo kan asalin wata kaka. An san sunan da aka raɗa mata a gidan, an san 'ya'yan da ta haifa a nan, amma babu wanda ya san sunan da uwarta ta kira ta da shi.